Darasi na Tara: Maganin Homon Bayan Ɗaukewar Al'ada da Cunkoson Naman Mama

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya bayyana abin da likitoci suke nufi idan sun ce maman mace yana da cunkoso, ya san yadda maganin homon da ake ba wasu mata bayan al'ada ta ɗauke musu yake ƙara wannan cunkoso, kuma ya san abin da ya kamata mai shan maganin ta faɗa kafin a ɗauki hoton mamanta. Darasin na mata ne da maza baki ɗaya, domin a gidaje da yawa maigida ne ke biyan kuɗin hoto da na magani, wani lokacin ma shi ake aika kemis.

Abin da ke cikin mama

Abubuwa uku ne suka haɗu suka yi mama. Akwai ƙananan jakunkuna masu haɗa ruwan nono tare da hanyoyin da ke kai shi zuwa kan mama. Akwai zaruruwan nama masu tauri da ke riƙe waɗannan jakunkuna kada su saki. Sai kitse, wanda ya cike sauran gurbin. Kowace mace tana da ukun, amma rabon ya bambanta. Idan jakunkunan da zaruruwan suka rinjayi kitse, sai a ce maman yana da cunkoso.

Hannu ba ya gane cunkoso, ido ma haka. Mace mai babban mama tana iya zama kusan duk kitse ne a ciki, siririya mai ƙaramin mama kuma nata ya kasance cunkushe. Taurin da ake ji idan an taɓa bai isa hujja ba. Hoton mama da ake kira mamogiram, wanda ake ɗauka da hasken eksire bayan an matse maman tsakanin faranti biyu, shi ne ke nuna shi. A hoton, kitse yana fitowa da duhu, jakunkuna da zaruruwa kuwa fari fat.

Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta kasa abin gida huɗu a wani tsari mai suna BI-RADS, kuma likitoci a ƙasashe da dama da shi suke rubuta sakamako. Rukunin A kusan duka kitse ne. B kitse ne da ɗan fari nan da can. C farin ya yi yawa har yana iya rufe ƙaramin ƙullutu. D kuwa kusan duk hoton fari ne. C da D su ne masu cunkoso. A cikin matan Amurka da ake ɗauka hoto, kusan ɗaya cikin goma tana A, huɗu suna B, huɗu suna C, ɗaya tana D. Ke nan cunkoso ba cuta ba ce. Halitta ce da kusan rabin mata suke da ita. Gado yana da hannu a ciki sosai. Ƙuruciya da rashin ƙiba suna ƙara shi, yawan haihuwa da shekaru suna rage shi.

Dalilin da ya sa ake damuwa da shi

Dalili na farko shi ne ɓoyewa. Ƙullutun sankara ma fari yake fitowa a hoto. Duk wadda ta taɓa tsince abinci a faifai ta san farar tsakuwa a cikin busasshen zoɓo nan take ake ganinta, amma a cikin shinkafar tuwo sai an sa ido sosai, wani lokacin ma sai haƙori ya gano ta. Haka likitan hoto yake fama. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna cewa a maman da kusan duk kitse ne, mamogiram yana gano kimanin 87 cikin kowace sankara 100, amma a mai tsananin cunkoso adadin ya sauka zuwa kimanin 63.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi: cunkoson kansa yana tafiya da ƙarin haɗarin kamuwa da sankarar mama. Wani likitan hoto Ba'amurke, John Wolfe, shi ya fara jawo hankali ga wannan a 1976. Daga baya Norman Boyd da abokan aikinsa a Toronto ta ƙasar Kanada suka nuna a 2007 cewa matan da cunkoso ya mamaye kashi 75 cikin 100 na mamansu ko fiye, haɗarinsu ya ninka na waɗanda cunkosonsu bai kai kashi 10 ba sau huɗu zuwa biyar. Sai dai a lura, wannan gwaji ne tsakanin can sama da can ƙasa. Idan da mace mai matsakaicin cunkoso aka gwada, ratar ba ta kai haka ba ko kusa. Galibin masu cunkoso har su koma ga Allah ba za su yi sankarar mama ba.

Saboda waɗannan dalilai ne jihar Konetikat ta Amurka ta kafa doka a 2009 cewa dole a sanar da mace idan hotonta ya nuna cunkoso. Wadda ta yi tsayin daka har aka yi dokar, Nancy Cappello, an gano tata sankarar a 2004 bayan ta yi nisa, makonni kaɗan bayan an ce mata hotonta lafiya lau. Daga watan Satumba na 2024 wannan sanarwa ta zama wajibi a duk faɗin Amurka.

Ɗaukewar al'ada da maganinta

Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 da 55. A lokacin, gidajen ƙwai biyu da ke gefen mahaifa suna daina fitar da homon guda biyu da suka saba fitarwa, istirojin da furojestaron. Su ne dama suke sa mama ya cika ya yi nauyi gab da al'ada ko a farkon ciki. Da sun janye, sai jakunkunan nono su fara motsewa, kitse ya maye gurbinsu, hoton mama ya riƙa yin duhu shekara bayan shekara. Wannan ne ya sa hoton dattijuwa ya fi na matashiya sauƙin karantawa.

Wasu matan suna wuce wannan mataki ba tare da wata wahala ba. Wasu kuwa suna shan azaba: zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska ba zato, zufa ta jiƙa zane da tsakar dare ko da sanyi ake yi, barci ya gagara, gaba ya bushe har kwanciyar aure ta zama ciwo, ƙashi ya fara rauni. Ga irin waɗannan ne likita kan rubuta maganin homon, a mayar wa jiki kaɗan daga abin da ya rasa. Yana zuwa a ƙwayar sha, ko filastar da ake mannawa a fata, ko man shafawa, ko ɗan abin da ake sakawa a gaba. Wajen kashe zafi da zufar dare, babu maganin da ya kama ƙafarsa.

Maganin iri biyu ne, kuma duk darasin nan a kan wannan bambanci ya rataya. Tsohon cikinsu istirojin ne zalla. Sanannensa, Premarin, tun 1942 aka amince da shi a Amurka, kuma daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi. A 1975 aka gano cewa istirojin zalla yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta kauri har ta iya zama sankara. Sai aka riƙa haɗa shi da furojestaron, ko wani sinadari mai kama da shi da ake kira furojestin, domin kare mahaifa. Tun daga nan ƙa'idar ta zama haka: wadda aka cire wa mahaifa a ba ta istirojin zalla, mai mahaifa a ba ta haɗin biyu. Haɗin ya kare mahaifa kamar yadda aka so, sai dai ya zo wa mama da nasa lissafin.

Abin da bincike ya gano

Gwaji na farko da ya fito da abin fili shi ne wanda ake kira PEPI, da aka yi a Amurka da mata 875. An raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su maganin gaske, wasu ƙwayar wofi wadda babu magani a cikinta, kuma ba wadda ta san abin da take sha. A 1999 aka fitar da sakamakon hotunan wani ɓangare nasu. Cikin masu shan ƙwayar wofi ba wadda cunkosonta ya haura zuwa rukuni na gaba. Cikin masu istirojin zalla, kashi 3.5 cikin 100 ne. Cikin masu haɗin biyu kuwa, daga kashi 16 zuwa kusan 24, gwargwadon irin haɗin. Wato kusan mace ɗaya cikin biyar, kuma galibin canjin a shekarar farko ya faru.

Sai babban gwajin da ya girgiza duniyar likitanci, wanda aka sani da WHI, shi ma a Amurka. Mata 16,608 masu mahaifa, 'yan shekara 50 zuwa 79, aka raba gida biyu, rabi haɗin istirojin da furojestin, rabi ƙwayar wofi. A watan Yuli na 2002 aka dakatar da shi kafin wa'adinsa, bayan kimanin shekara biyar, domin an ga sankarar mama ta fi yawa a wajen masu shan haɗin: 38 cikin kowace mace 10,000 a shekara, a maimakon 30. Ƙarin mutum takwas ke nan.

An ware mata 413 daga cikinsu aka auna cunkoson hotunansu da kwamfuta. Bayan shekara ɗaya, na masu ƙwayar wofi ya ragu da kusan maki ɗaya, kamar yadda aka saba gani ga mai shekarunsu. Na masu shan haɗin kuwa ya ƙaru da maki shida a matsakaici. Ma'anarsa, idan a da fari ya mamaye kashi 10 cikin 100 na hoton mace, yanzu ya kai 16. Kusan uku cikin huɗu na masu shan haɗin sun sami wani ƙari, kaɗan ko da yawa. Da aka yi irin wannan awo a wani ɓangare na gwajin, ga matan da aka cire wa mahaifa masu shan istirojin zalla, ƙarin bai kai maki biyu ba. Abin lura kuma, a wannan ɓangare na gwajin, mai mata 10,739, sankarar mama ba ta ƙaru ba. Da aka bi su shekaru masu yawa ma sai aka ga ta ɗan ragu.

Gwaje-gwajen biyu sun nuna wuri guda. Furojestin ɗin da aka ƙara shi ne babban mai tayar da naman mama. Idan ya haɗu da istirojin, ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a jakunkuna da hanyoyin nono sai su koma rarrabuwa kamar na mai al'ada, naman da ke kewaye da su ya ƙara kauri ya riƙe ruwa. Maman da ya kama hanyar hutawa sai a tashe shi. An kuma lura cewa wadda ke shan furojestin kullum ba hutu ta fi samun ƙarin cunkoso a kan wadda ke shansa kwanaki goma sha biyu zuwa sha huɗu a wata, ko da yake ba kowane gwaji ne ya nuna wannan ba. A PEPI kansa ba a ga haka ba. Istirojin ɗin nan ɗan kaɗan da ake sakawa a gaba saboda bushewa, abin da ke shiga jini daga cikinsa ƙalilan ne, kuma ba a san shi da ƙara cunkoso ba.

Wannan ƙari yana da sakamako a aikace. A gwajin WHI, cikin shekara biyar da 'yan watanni, kashi 35 cikin 100 na masu shan haɗin sun sami aƙalla hoto ɗaya da likita ya ce bai gamsu da shi ba, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 23 ne. Waɗanda sai da aka ɗebi ɗan namansu aka kai gwaji kashi 10 ne, a can kuma kashi 6. Yawancinsu ba a sami komai ba, amma duk wadda ta taɓa zaman jiran irin wannan sakamako ta san kwanakin ba sa tafiya. A ƙara da kuɗin mota da na gwaji.

Akwai tambayar da ta fi wannan zurfi: shin ƙarin cunkoson rufe sankara kawai yake yi, ko alama ce cewa maman wannan mace yana amsa maganin fiye da kima? A 2017 masu bincike suka koma kan hotunan matan WHI, suka tarar cewa ƙarin haɗarin ya taru ne a wajen waɗanda cunkosonsu ya fi hauhawa a shekarar farko. Wani maganin ma ya ba da shaida ta ɗaya gefen. Tamoksifen, wanda ke toshe aikin istirojin a mama, yana rage cunkoso, kuma a wani gwaji da aka jagoranta daga Ingila an ga cewa matan da cunkosonsu ya ragu sosai su ne suka fi samun kariya daga sankara. A ganina wannan shi ne abu mafi amfani a duk binciken: hoton da aka ɗauka shekara guda bayan fara magani yana iya gaya wa likita wani abu game da jikin wannan mace ita kaɗai, idan dai akwai hoton farko da za a gwada da shi.

Ciwon mama ma yakan zo tare. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu shan haɗin a WHI sun ce mamansu ya fara ciwo ko nauyi a shekarar farko, kusan ninki uku na masu ƙwayar wofi, kuma an sami alaƙa tsakanin wannan sabon ciwo da ƙaruwar cunkoso. Ba abin firgita ba ne, amma abin faɗa wa likita ne.

Idan aka daina

Cunkoson da magani ya kawo ba ya zama daram. Idan aka daina sha yakan fara sauka cikin makonni zuwa watanni. Wannan ya sa wasu likitoci suka riƙa cewa a dakata da magani na ɗan lokaci kafin hoto. An gwada wannan dabara a Siyatil ta Amurka da mata kimanin 1,700, aka fitar da sakamako a 2009. Dakatawar wata ɗaya ko biyu ta ɗan rage cunkoso, amma ba ta rage yawan waɗanda aka sake kira don ƙarin hoto ba, ga zafi da zufa sun dawo musu. Saboda haka babu dalilin da mace za ta yanke maganinta da kanta don za ta je hoto.

Auna riba da hasara

Bayan 2002 miliyoyin mata a Turai da Amurka suka watsar da maganin cikin tsoro, har da waɗanda suke matuƙar buƙatarsa. An wuce gona da iri. Matsakaicin shekarun matan WHI 63 ne, da yawansu sun fi shekara goma da ɗaukewar al'ada, kuma nau'i ɗaya ne na haɗin aka gwada a kansu. Matsayin manyan ƙungiyoyin likitocin mata a yau shi ne, ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko wadda ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, kuma alamomin suna damunta, amfanin maganin yakan rinjayi haɗarinsa.

Haɗarin dai yana nan, kuma gara a san girmansa. Wani nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2019, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da yawa, ya lissafta shi haka ga matan ƙasashen Yamma masu matsakaicin jiki. Cikin mata 100 da ba su taɓa shan maganin ba, kimanin shida za su yi sankarar mama tsakanin shekara 50 da 69. Idan suka sha haɗin biyu na kullum har shekara biyar daga shekara 50, adadin zai koma kimanin takwas, wato ƙarin mace ɗaya cikin 50. Ga masu hutun furojestin, ɗaya cikin 70. Ga istirojin zalla, ɗaya cikin 200, ko da yake a nan nazarin ya saɓa da gwajin WHI da bai ga ƙari ba. Yawan shekarun sha yana ƙara haɗarin. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko gudan jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko take zubar da jinin da ba a san dalilinsa ba, galibi ba a ba ta maganin.

Abin da ya shafe mu

Duk alƙaluman da ke sama daga Amurka, Kanada da Turai suka fito, kuma mafi yawan matan da aka gwada fararen fata ne. A ƙasar Hausa masu shan wannan magani ba su da yawa. Mata da dama suna ɗaukar zafi da zufar dare a matsayin abin da shekaru suka kawo, su yi haƙuri. Duk da haka darasin ya shafe mu ta hanyoyi biyu. Sankarar mama ita ce kan gaba cikin sankarar da ke kama mata a Najeriya, tana yawan kama su tun suna shekara arba'in da wani abu, lokacin da mama bai rabu da cunkosonsa ba, kuma mafi yawansu ba sa isa asibiti sai ta yi nisa. Sannan a wajenmu ana iya shiga kemis a sayi ƙwayar homon ba takardar likita, ga masu tallar magungunan ƙarin mama da gyaran jiki a kasuwa da kafafen sada zumunta, waɗanda mai saye ba ta da hanyar sanin abin da aka zuba a ciki. Wadda za ta sha abin da ke tayar da naman mama, ya kamata a ce akwai mai lura da maman.

Ga wadda likita ya rubuta wa maganin, ta nemi a ɗauki hoton mamanta kafin ta fara idan da hali, ta kuma adana hoton da takardar sakamakon a inda ba za su lalace ba, domin da su za a gwada na gaba ko da a wani asibiti ne. Duk ranar da ta je hoto, ta faɗi sunan maganin, tun yaushe take sha, da ko an cire mata mahaifa. Mafi sauƙi ta tafi da kwalin. Ta tambayi rukunin da hotonta ya faɗa. Idan C ne ko D, ta tambayi likita ko akwai buƙatar ƙarawa da sikanin, wanda ya fi samuwa a garuruwanmu kuma yana iya ganin wasu ƙullutun da mamogiram ya tsallake, ko da yake shi ma yakan tayar da hankali a kan abin da ba komai ba. Hoton MRI ya fi su gani duka. A wani gwaji a ƙasar Holan a 2019, ƙara shi ga mata masu tsananin cunkoso ya rage sankarar da ke ɓulla tsakanin hoto da hoto da rabi. Amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. A ƙalla sau ɗaya a shekara mai shan maganin ta zauna da likita su duba ko har yanzu tana buƙatar maganin, da ko za a rage shi.

Aikin aji

1. Me ya sa hannu ba ya iya gane cunkoson mama?
2. Mata biyu ne, duka 'yan shekara 51. An cire wa ɗaya mahaifa, ɗaya kuma tana da tata. Wane irin magani za a ba kowacce, kuma wacce ce hotonta ya fi yiwuwar canzawa? Ku kawo dalili.
3. Wata ta ce za ta daina shan maganinta wata guda kafin ranar hoto. Me za ku ce mata?
4. Ku tattauna a ƙungiya-ƙungiya: me ke hana matan unguwarku zuwa asibiti da wuri idan sun ji canji a mama?

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya binciko asibiti mafi kusa da shi da ake ɗaukar hoton mama ko sikanin, da kuɗin da ake biya, ya kawo wa aji. Ku kuma isar da wannan ga matan gidajenku: wadda ta ji ƙullutu, ko ta ga fatar mama ta lotsa, ko jini yana fita daga kan mama, ta tafi asibiti a makon, ko da hotonta na baya an ce lafiya yake.